Ciwon Suga a Ƙasar Rake: Nazari Kan Sauyin Cimar Matameye

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Daura a lokacin sanyi zai san ya iso Matameye tun kafin ya ga allon garin, domin damman rake ne za su tarbe shi a bakin titi, ana loda su cikin manyan motoci. Albarkar fadamun Korama ke nan, inda ruwa ke kusa, ƙasa ke ba da rake da rogo da dankali da kayan lambu. Saboda haka da zarar an ce ciwon suga na ƙaruwa a yankin, raken ake fara ɗora wa laifi. Amma kakanninmu sun sha rake shekara da shekaru. Yana da lokacinsa, kuma kafin mutum ya shanye sanda guda sai muƙamuƙinsa ya gaji. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne abin da ake zubawa cikin kwano safe da rana da dare, da kuma yawan gumin da ake zubarwa kafin a ci shi.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga kimanin miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ke ɗauke da shi a Afirka, za su kai miliyan 55 nan da 2045, kuma fiye da rabin waɗanda ke da shi ba su san suna da shi ba. A Nijar, binciken ƙasa na 2007 ya gano shi a jikin kashi 4.3 cikin ɗari na manya.

Wani ɓangare na wannan hauhawa ya samo asali ne daga ci gaba: mutane sun fi daɗewa a duniya, kuma awon jini ya yawaita, ana gano wanda a da sai dai a ce ya rame ya rasu. Duk da haka ƙaruwar ta fi ƙarfin wannan bayani. 

Yadda ciwon ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Tuwo da shinkafa da burodi da rogo duk suna narkewa a ciki su koma suga, su shiga jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi tana fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sugan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan sinadarin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sugan ya taru a jini. Wanda aka auna shi da safe kafin ya ci komai, aka samu giram 1.26 ko fiye a kowace lita, aka sake awon wata rana aka samu haka, to yana da ciwon. Fiye da tara cikin goma na masu shi suna da nau'i na biyu ne, wanda ya fi kama manya, kuma shi ne cima ke da babban tasiri a kansa.

Abin da ya kawo mu nan

Dalili na farko shi ne sauyin hatsi. Nijar na sahun gaba a noman gero a duniya, ita ce kuma ta biyu a noman wake bayan Nijeriya, amma tukunyar cikin gari ta karkata ga farar shinkafa ta waje da taliya da burodi da garin rogo. Matan gida suna da hujjarsu. Gero sai an sussuke, an sheƙe, an surfa, an niƙa, an tuƙa, ga itace ya yi tsada. Taliya kuwa cikin minti goma ta dahu. Ga kuma martaba: baƙon da aka ba tuwon gero da miyar kuka zai iya jin an raina shi, wanda aka ba shinkafa da mai ya san an karrama shi. Matsalar ita ce hatsin da aka cire wa dusa yana narkewa da sauri, sugansa ya afka wa jini gaba ɗaya.

Na biyu shi ne sukarin da ake sha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Kwalbar lemu guda tana ɗauke da kusan giram 35. Saurayin da ya karya da kunu mai sukari da burodi, ya sha fura da sukari da rana, ya zauna a fada bayan la'asar aka yi shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ya ninka wannan ƙa'ida bai ko taɓa alkaki ba. Sukarin da ke cikin ruwa ya fi illa, domin ba ya ƙosarwa.

Na uku shi ne raguwar motsi. Tafiyar da ake yi a ƙafa zuwa kasuwa ko gona yanzu kabu-kabu ke yin ta, injin niƙa ya karɓi aikin turmi. Babu mai fatan a koma wahalar da, amma lomar da ta dace da mai yini da hauya ta yi wa mai yini a shago yawa. A kan wannan kuma ga al'adar ɗaukar ƙiba shaidar jin daɗi, har wasu mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, alhali daga cikinsu akwai masu tayar da sugan jini kai tsaye.

Dalili na huɗu ya fi shafar yankinmu, kuma ba a cika ambatonsa ba. Jaririn da ya sha yunwa tun yana ciki ko yana goye, jikinsa kan ginu a kan ƙaranci, idan ya girma ya samu abinci mai yawan suga sai ya kasa sarrafa shi. Yaran da suka tsira daga yunwar 2005 a jihar Damagaram yau su ne samari da ƴan mata masu gidajensu. A watan Afrilu na 2025, a taronta na Bankok, Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, mai nasaba da tamowa, wanda ke kama matasa ramammu. Don haka kada siriri ya ce ciwon na masu tumbi ne.

Abin da yake jawowa

Ciwon suga yakan yi shekaru yana ɓarna a ɓoye. Yawan fitsari da ƙishirwa da rama da kasala, da yawa sukan danganta su da zafin bazara ko shawara ko sammu. Kafin a farga ya taɓa ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa, ya haɗa kai da hawan jini ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ga mai lambu, ƙafa ce abin tsoro. Idan jijiyoyinta suka mutu, ƙaya ko kututturen rake zai soke shi bai ji ba, ya ci gaba da shiga laka, gyambo ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Manomin da ya rasa ƙafa, iyalinsa sun rasa rumbu.

Ga kuma kuɗi. Zazzaɓin sauro a kwana uku ake gama maganinsa, ciwon suga kuwa galibi na tsawon rai ne. Idan ya yi tsanani, daga asibitin gunduma sai a tura mutum babban asibitin ƙasa na Damagaram, kusan kilomita 90, da kuɗin mota da na mai jinya. Rufe iyakoki da ƙungiyar CEDEAO ta yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda a ɓangaren Nijeriya ya kai har Maris na 2024, ya nuna wa garuruwan bakin iyaka cewa maganin da ake jira daga waje zai iya yankewa, shinkafar waje ma haka. Geron rumbu da waken gona ba su jira izinin kowa ba.

Abin da cima za ta iya yi

Akwai hujja mai ƙarfi cewa gyaran ci yana aiki. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna gyaran cima da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, ƙwayar metformin kuwa da kashi 31. A Birtaniya, gwajin da aka bayyana a 2017 ya nuna kusan rabin masu ƙiba da aka ɗora kan tsarin rage nauyi sugansu ya daidaita bayan shekara guda ba tare da magani ba.

Game da hatsinmu kuma, a 2018 masu bincike a Bamako sun nuna tuwon gero da na dawa da burabusko sun fi shinkafa da taliya da dankalin Turawa jimawa a ciki. A 2021 masanan cibiyar ICRISAT, mai reshe a Sadore kusa da Yamai, sun haɗa sakamakon bincike da dama suka gano dangin gero ba sa tayar da suga kamar farar shinkafa da fulawa, kuma masu cin su a kai a kai sugansu kan sauka da kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai a nan ake yawan kuskure. Gero ma hatsi ne, suga yake komawa. Wanda aka surfe tas, aka niƙa lilis, aka dama kunu tsararo aka zuba sukari, ya rasa yawancin fifikonsa. Amfanin yana ga wanda aka bar wa dusarsa, aka yi tuwo mai tauri ko dambu, aka ci daidai. Ma'auni mai sauƙi shi ne a raba kwano huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, yakuwa, tafasa, kuɓewa da kabeji, kashi ɗaya wake ko awara ko kifi ko ƙwai ko nama, kashi ɗaya tuwo, kamar girman dunƙulen hannun mai ci. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗan wake, fara, nono ba sukari, duk abinci ne na ƙwarai ga mai suga, kuma duk suna cikin kasuwar Matameye. A rage gishiri da dunƙule da mai. A ci a kan lokaci, domin wanda ya yini bai ci ba ya kwashi malmala uku da dare ya cuci kansa sau biyu.

Akwai maganganu uku da ya kamata a gyara. Cewa mai suga sai alkama kuskure ne, domin garin alkama mai laushi yana tayar da suga sosai, ga tsada. Cewa zuma da mazarƙwaila ba su da illa shi ma kuskure ne, sukari ne su ma. Rake da dabino da mangwaro kuwa sai kaɗan kaɗan. Mafi haɗari shi ne ajiye maganin asibiti don an samu jiƙo mai ɗaci. Gyaran cima yana tafiya tare da magani, kuma yaro mai nau'i na ɗaya ba ya rayuwa sai da allurar insulin, komai kyan abincinsa. Haka nan shawarar rage nauyi ta masu ƙiba ce. Ramamme abinci mai gina jiki yake buƙata. Mai suga da ke niyyar azumi ya ga likita tun watan Sha'aban, kuma idan awo ya sauka ƙasa da giram 0.70 ko ya haura 3, ya sha ruwa, domin addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Inda gyaran zai fara

A gidajenmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, kwano ɗaya ake haɗuwa. Umarnin da likita ya ba maigida shi kaɗai ba zai yi aiki ba idan uwargida mai riƙe da muciya ba ta ji shi ba, kuma girki biyu kullum ya fi ƙarfin talaka. Abin da zai ɗore shi ne a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, tunda abincin da ya dace da mai suga shi ne zai kare ƴaƴansa, waɗanda gado ya riga ya sa su cikin haɗari.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na gundumar Kance, wadda Matameye ke ciki, su wadata kowace cibiyar lafiya da na'urar awo da tsinkayenta, su riƙa fita awo ranar kasuwa, kada a jira sai 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya. Gidajen rediyo da limamai da sarakuna su yi bayanin da Hausar da kowa ke ji. A tallafa wa ƙungiyoyin mata masu sarrafa gero da wake, domin ranar da garin gero mai dusa ya zama da sauƙin dafawa kamar taliya, rabin aikin ya ƙare. Ciyar da mai ciki da jariri da kyau shi ma rigakafin ciwon suga ne na shekaru talatin masu zuwa.

Kai kuma mai karatu, idan ka haura arba'in, ko kana da ƙiba ko hawan jini, ko akwai mai suga a danginka, je ka a auna ka cikin wannan wata. Ke ma da kika taɓa haifar jariri mai nauyin kilo huɗu ko fiye, ki je. Ka rage rabin sukarin shayinka daga yau, ka mayar da gero da wake da ganye tsakiyar kwanonka, ka taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare masu lafiya.