Amosanin jini: abinci da ruwa rabin magani ne

A ƙauyuka da rugage na ƙasar Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai yara masu hwama da ciwon ƙasusuwa tun suna goye. Hannuwansu da ƙahwahunsu na kumbura, idonsu na yin rawaya, ba su girma kamar tsararsu. Wasu na cewa maita ce ko iskoki. Ba haka ba ne. Wannan ciwo shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi.

Ciwon gado ne, ba a ɗaukarsa wajen cin abinci ko zama tare. Yaro na samunsa in ya gaji irin ciwon daga uwa da uba duka. Iyayen suna iya zama lahiya lau, ba su san suna ɗauke da shi ba. In duka biyun suna ɗauke da irin, kowane ciki na da kaso 1 cikin 4 na zuwa da ciwon.

Ƙwayar jinin mai lahiya na yin kwana 120 tana aiki. Ta mai amosanin jini kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, sai ta mutu. Jikinsa kullum yana cikin aikin ƙera sabon jini. Shi ya sa yake bukatar abinci hiye da tsaransa, ko da bai tahi gona ba.

Tuwo da hurar gero kaɗai ba su isa. Wake, gujiya da ganyaye kamar zogale, rama da yakuwa suna taimakon jiki wajen yin jini. Nono, ƙwai, kihi, nama da hanta suna gina jiki. In an samu mangwaro, gwaba ko lemu, a ba shi. Yaron ba ya iya cin da yawa lokaci guda, sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Jinjiri kuwa, nonon uwa zalla har wata 6.

Ruwa shi ne babba. In ƙishirwa ta kama shi, ƙwayoyin jini na lanƙwashewa kamar lauje, su toshe hanyar jini, ciwo ya tashi. Kada a tura shi kiwo da rana tsaka babu gorar ruwa mai tsabta. Da ɗari a ruhe shi da kyau. Ya kwana cikin gidan sauro kullum.

Kada a sayi ƙwayar ƙarin jini a kasuwa sai da izinin lokotoro. Masu wannan ciwo da aka sha yi wa ƙarin jini, sinadarin ƙarhe na taruwa a jikinsu har ya yi ɓarna.

In jikinsa ya yi zahi, ko ya yi hwari hwat, a kai shi likita ranar nan. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa mai kula da wannan ciwo. Saurayi da budurwa kuma, awon jini kahin aure ya hi kuka bayan suna.