Ƙarin Ƙwan Mace: Abin Da Ke Sa Ya Dawo Bayan Tiyata

A Idu da maƙwabtanta irin su Karmo da Gwagwa, kamar sauran sassan ƙasar nan, akan sami budurwa ko amarya da aka yi wa tiyata aka cire mata ƙari a ma'ajiyar ƙwai, bayan shekara ɗaya ko biyu ciwon mara ya dawo. Daga nan sai zargi ya tashi: wasu su ce likita bai iya aiki ba, wasu su ce sammu ne, dangin miji kuwa su fara ƙunƙuni a kan haihuwa. Galibi duk ba haka ba ne.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Tun a 1809 Likita Ephraim McDowell ya cire wa wata mata ƙari mai nauyin kusan kilo 10 a Jihar Kentaki ta Amurka, ta kuma rayu fiye da shekara 30 bayan haka. Abin lura shi ne ƙarin iri-iri ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko jakar ruwa ce da ke fitowa lokacin da mace ke sakin ƙwai. Yawanci takan baje da kanta cikin wata biyu ko uku. Idan wata ta fito bayan tiyata, sabuwa ce, ba tsohuwar ce ta dawo ba.

Na biyu shi ne wanda akan tarar da gashi da kitse, har da haƙori, a cikinsa. Halitta ce daga ƙwayoyin jikin mace, ba jifa ba. Ba kasafai yake dawowa ba, amma yakan fito a ɗaya ɓangaren, musamman ga masu ƙananan shekaru.

Na uku, wanda ya fi naci, yana cike da tsohon jini, domin tsoka mai kama da shimfiɗar mahaifa ce ta tsiro a inda ba wurinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Muddin mace na al'ada, yana iya sake taruwa. Shi ya sa likitoci kan ba da ƙwayoyin daidaita al'ada bayan tiyata ga wadda ba ta neman ciki a lokacin.

Likita kan ɓare ƙarin ya bar ma'ajiyar ƙwai don kada a yanke wa yarinya haihuwa. Amma kowace sabuwar tiyata tana rage mata ƙwai, saboda haka ba kowane ƙari ake gaggawar yanka ba.

A nan Idu ne Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1987, ta kuma samar da Niprisan na masu sikila daga tsirran gida bayan dogon gwaji. Ke nan ba a raina maganin gargajiya ba, sai dai a gwada shi tukuna. Babu jiƙon da ke narkar da gashi da haƙori.

Don haka ya kamata a karɓi sakamakon gwajin ƙarin da aka cire a adana shi, a kuma riƙa komawa hoton ciki yadda likita ya tsara. Idan ciwon mara mai tsanani ya taso farat ɗaya tare da amai, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, domin ma'ajiyar ƙwan na iya murɗewa ta mutu cikin sa'o'i. Maigida kuma ya raka iyalinsa, ya ji bayani daga bakin likita da kunnensa.