Rigar da Ba a Bar wa Kalmasa Ba

Idan azumi ya raba tsakiya, magidanci mai 'ya'ya da yawa yakan yanko yadi iri ɗaya, don kada ɗan wannan ɗaki ya ce an fifita ɗan wancan. Tela zai auna kowa, dogo ya ci yadi huɗu, auta ya ci biyu, babu mai kukan an zalunce shi. Uwa kuma takan aika da saƙo cewa a bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga, domin kafin babbar Sallah yaro ya ƙara tsawo, sai a warware. Ba ta san iya inda zai kai ba, shi ya sa take barin wuri.

Wannan kalmasar ce babu a garin da marubuciyar Amurka Lois Lowry ta ƙaga cikin littafinta The Giver na 1993, wanda ya ci lambar Newbery a 1994. Gari ne da babu yunwa, babu yaƙi, babu mai kuɗi balle talaka. Jarirai 50 ake haifa a shekara, kowane gida a ba shi namiji ɗaya da mace ɗaya. An share tuddai, an daidaita yanayi, har launi an cire daga idanun mutane. Duk watan Disamba ake ƙara wa yara shekara a taro guda. Daga shekara 4 zuwa 6 yaro yana sa riga mai maɓalli a baya don ya saba da neman taimakon ɗan'uwansa, a 7 maɓallan su dawo gaba, a 8 a yi masa aljihu, a 9 a ba shi keke. A 12 dattawa su sanar da aikin da zai yi har tsufa.

Dattawan nan ba da ka suke rabon ba. Shekaru suke yi suna lura da halin kowane yaro, kuma galibi suna dacewa. Duk wanda ya ga matashi ya gama karatu yana yawo da takardu ofis-ofis zai ji tsarin ya burge shi, ni ma ya burge ni. Matsalar ita ce awon sau ɗaya ake yin sa, a yanke yadi daidai jikin ɗan shekara 12, a ɗinke. Da alamun balaga sun fara, sai a ɗora yaro kan ƙwaya kullum safiya don kashe sha'awar da ta motsa. Tsawonsa zai ƙaru, amma an hana shi zama mutumin da dattawa ba su hango ba.

Jonas, jarumin littafin, shi aka zaɓa ya gaji tsohon da ke riƙe da tunanin duk abin da duniya ta taɓa gani. Tsohon yakan ɗora tafukansa a bayan yaron ya zuba masa ƙanƙara da hasken rana da jan launi, daga baya karaya da yunwa da filin yaƙi, har da daɗin zama da kakanni, abin da garin bai sani ba. Nan ya fara jin takaicin cewa ko launin rigar da zai sa da safe ba shi da ikon zaɓa. Sannan ya ga mahaifinsa, mai renon jarirai, mutum mai fara'a, ya yi wa ɗaya daga cikin wasu tagwaye allurar mutuwa saboda ya fi ɗan'uwansa rashin nauyi. Sallama suke kiran abin, kuma uban bai ji ko ɗar ba, domin an raba shi da abin da zai ji da shi.

Wasu na ɗaukar irin waɗannan littattafai hujjar cewa neman daidaito tsakanin mutane wauta ce. Ban yarda ba. Garin su Jonas ma ai bai daidaita kowa ba. Matan da aka ware don haihuwa ba su da daraja, haihuwa uku suke yi a mayar da su aikin ƙarfi, kuma 'yan tsiraru ne ke yanke wa sauran hukunci. Abinci da magani da makaranta ga kowane yaro haƙƙi ne, kuma babu inda littafin ya soki wannan. Abin da ya soka shi ne kashe duk wanda bai shiga awon ba.

Jariri Gabriel, wanda ake reno a gidan su Jonas, laifinsa kawai ba ya barci da dare, sai aka sa ranar sallamarsa. A daren Jonas ya ɗauki keken mahaifinsa mai kujerar yara ya gudu da shi. A hanya ya gurɗe ƙafa, ya san yunwa ta gaske a karon farko, har ya yi tunanin da ya zauna da bai wahala haka ba. Sai ya tuna cewa da ya zauna, da gari ya waye an kashe yaron, ya ci gaba da tafiya.