Tallafi da tokara: kalmomi biyu da aka rikita

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi bayan damana ya sha ganin rumbun da ya karkata, an sa masa itace mai baki biyu don kada ya faɗi. Wannan ita ce tokara. Ba ta gyara rumbu, jinkirta faɗuwarsa kawai take yi, kuma ranar da gara ta cinye itacen, hatsi ya zube.

Tallafi dabam ne. A asalin Hausa, tallafa shi ne sa hannu ƙarƙashin abu a riƙe shi, kamar yadda uwa ke tallafe kan jinjiri har wuyansa ya yi ƙwari. Daga nan aka samu "ɗan tallafi", wato yaron da dangi suka ɗauka suka rena har ya kama kansa. Ke nan cikin kalmar akwai wa'adi: hannun da ya tallafa, wata rana janyewa zai yi.

Amma a bakin ma'aikata da 'yan kasuwa, tallafi ya koma sunan duk kuɗi ko buhun da ya fito daga gwamnati ko furoje. Bayan karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, da kuma yunwar 2005 wadda jihar Maraɗi ta ɗanɗana ƙwarai, kalmar ta cika rediyo da takardun ofis. Ba wanda zai ce a hana mai yunwa abinci. Sai dai bankin cimakar da ake sake cika wa rumbu kowace bazara, saboda waɗanda suka ari hatsi ba su maido ba, a ganinmu tokare shi ake yi, ko da takarda ta ce tallafi.

Misalin da ya fi dacewa da tsohuwar ma'anar a jiharmu ya samo asali. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, bisa tushen adashen da matanmu suka sani tun kaka da kakanni. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ba mai bukata rance, ƙarshen zagaye a raba. Ba a kawo masu jari daga waje ba. Horo aka ba su na 'yan watanni, sannan mai horon ta koma gefe, mabuɗan akwatin kuɗi suka zauna a hannun matan.