Gwajin Yawu Don Gano Cutar Numfashi

An saba likita ya zura tsinken auduga can cikin hanci don neman ƙwayar cutar mura ko korona, abin da kan sa atishawa har cutar ta kai ga mai gwajin. A shekarar 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin korona da yawu, watau na Jami'ar Rutgers cikin Afrilu, da na Yale cikin Agusta. Mutum zai tofa yawu a 'yar kwalba, amma kada ya ci ko ya sha rabin sa'a kafin nan. Mai azumi kuwa ba shi da damuwa, domin tofar da yawu ba ya karya azumi.

To, jama'a, wanda tari da zazzaɓi suka kama, ya ga likita kafin ya shiga sahu ko kasuwa, kada ya ɗauki alhakin ɗan'uwansa. Allah Ya kiyaye mu.