Shin wasan Silksong ya cancanci a saye shi?

A ranar 4 ga watan Satumban 2025, shagunan sayar da wasannin bidiyo na intanet, ciki har da Steam, sun yi ta tsayawa cak saboda cunkoson masu sayen wani sabon wasa mai suna Hollow Knight: Silksong.

Wani ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, Team Cherry, da ke birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya, ya ƙera wasan, kuma mutum uku ne ƙashin bayan aikin: Ari Gibson da William Pellen da Jack Vine.

Tun a watan Fabrairun 2019 aka ba da sanarwar cewa wasan na nan tafe, don haka sai da masoyansa suka yi jiran fiye da shekara shida. A ranar farko, mutum fiye da 500,000 ne suka buga shi a lokaci guda a dandalin Steam kaɗai.

To amma shin wannan farin jini ya isa hujjar da mutum zai fitar da kuɗinsa?

Araha a ido

An sa wa wasan farashin dala 19.99, alhali sabbin wasannin manyan kamfanoni kan kai dala 70, wasu ma dala 80.

Kamfanin ya samu sararin yin hakan ne saboda ma'aikatansa ba su da yawa, ga kuma ribar wasansa na farko, Hollow Knight, wanda ya fito a 2017, aka kuma sayar da kwafi miliyan 15 nasa kafin fitowar na biyun.

Sai dai ga wanda ke karɓar albashi da naira ko sefa ko sidi, dala 20 ba abin yarwa ba ce, kuma kuɗin saye ba su ne kaɗai abin lissafi ba.

Wasan na buƙatar kwamfuta ko na'urar PlayStation ko Xbox ko Nintendo Switch, ga kuma kuɗin data na sauke shi. Ba a fitar da shi a wayar salula ba, saboda haka duk wanda ya ga ana tallan sa a matsayin manhajar waya, to ya yi hattara.

Wahalar wasan

Babbar muhawarar da ta biyo bayan fitowar Silksong ita ce ta tsananin wahalarsa.

Mai wasa yana sarrafa wata jaruma ce mai suna Hornet, wadda aka kama aka kai wata daular ƙwari da ake kira Pharloom, inda take fafutukar hawa zuwa fadar da ke ƙololuwar ƙasar.

Hornet na farawa ne da rai biyar, amma abokan gaba da dama kan zabtare biyu a bugu ɗaya. Idan ta mutu, kuɗin da ta tara sukan zube a wurin, kuma idan ta sake mutuwa kafin ta koma ta kwashe su, sun tafi ke nan.

Babu kuma wani zaɓi na sassauta wasan ga sabon shiga. Koke-koken da aka yi sun sa kamfanin ya rage ƙarfin wasu manyan abokan gaba biyu na farkon wasan, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa, amma bai sauya tsarin ba.

Ga masu son irin wannan gwagwarmaya, a nan daɗin yake. Ga ma'aikacin da bai fi rabin sa'a yake samu da daddare ba, yana iya ƙarar da lokacin nasa a gaban abokin gaba guda ba tare da ya wuce ba.

Abin da ke ciki

Hukumar tantance wasanni ta Amurka, wato ESRB, ta ce wasan ya dace da 'yan shekara 10 zuwa sama.

Duk da haka, yana da kyau iyaye su san cewa an gina labarin ne a kan wani ƙagaggen addini na ƙwari, mai mahajjata da ƙararrawa da waƙe-waƙen ibada, har ma kuɗin da ake ciniki da su 'ya'yan carbi ne.

Haka nan rubutu ne ke ɗauke da labarin, a harsuna irin su Ingilishi da Faransanci, kuma wasan ba ya yawan nuna wa mutum inda zai dosa. Taswira ma sai an saya a cikin wasan.

A gwada kafin a yanke hukunci

Ƙa'idar Steam ta ba mai saye damar neman a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai buga wasan ya kai sa'a biyu ba.

Waɗannan sa'o'i biyu sun isa mutum ya gane ko kwamfutarsa za ta iya ɗaukar wasan, ya kuma ji ko hannunsa ya saba da shi. Amma ba za su nuna masa iyakar wahalar ba, domin tana ƙaruwa ne yayin da tafiya ke nisa.

Saboda haka yana da amfani mutum ya kalli bidiyon yadda wasu ke buga tsakiyar wasan, ya kuma karanta sharhin waɗanda ba su ji daɗinsa ba, don ya ga ko abin da ya dame su zai dame shi.

Wata hanyar kuma ita ce a fara da Hollow Knight na 2017, wanda ya fi araha, ake kuma yawan karya farashinsa a lokutan rangwame.

A watan Disamban 2025, Silksong ya lashe kyautar wasan faɗa da yawon bincike mafi kyau a bikin The Game Awards, abin da ke nuna cewa ingancinsa ba abin jayayya ba ne a wurin masana harkar.

Wanda ke da na'urar da ta dace, da lokaci, da haƙurin faɗuwa sau goma a wuri ɗaya, zai ci moriyar kuɗinsa har da ƙari. Wanda kuwa ke neman abin huce gajiya bayan tashi daga aiki, zai fi masa alheri ya riƙe dalarsa 20 ya nemi wani wasan.