Giya a Kanti, Wiwi a Kotu

A shekarar 2010 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya ta da ƙura a Ingila. Farfesa David Nutt da abokan aikinsa sun jera kayan maye iri 20, suka auna ɓarnar da kowanne ke yi wa mai sha da kuma na kusa da shi. Giya ce ta zo ta ɗaya da maki 72, hirowin na biye da 55, tabar wiwi kuwa 20 ta samu. Ba wai kwalbar giya ta fi allurar hirowin dafi ba ne. Abin da ya ɗaga makinta shi ne wahalar da take jawo wa wanda bai sha ba: haɗarin mota, dukan mata, gidajen da suka watse. Tun a 2009 gwamnatin Ingila ta sallami Nutt daga shugabancin kwamitin da ke ba ta shawara kan ƙwayoyi saboda irin wannan magana.

To me ya sa Bature ke ɗaga kofin giya a gaban surukansa ba kunya, amma mai zuƙar wiwi sai ya laɓe? Al'ada ce da tarihi, sai kuma haraji. Amurka ta gwada haramta giya daga 1920 zuwa 1933, ba a daina sha ba, kasuwar ce kawai ta koma hannun 'yan daba irin su Al Capone na Chicago. Da wannan hujjar Uruguay ta halatta wiwi a 2013, Kanada ta bi sahu a 2018, Jamus ma ta sassauta a 2024.

Ni dai hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta Fotugal, domin ita ba ta halatta komai ba. Tun 2001, wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ba a kai shi gaban alƙali. Gaban wani ƙaramin kwamiti ake kai shi, inda masanin shari'a da ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a za su zauna da shi, su tambaye shi yadda ya fara da halin da yake ciki, su tura shi asibiti in ya yi nisa. Dillali kuwa har gobe gidan yari ne makomarsa. Masu kamuwa da cutar ƙanjamau ta hanyar allura sun ragu ƙwarai. Amma tsarin na cin kuɗi. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwaye shi a 2020 tun ba ta tanadi isassun wuraren jinya ba, zuwa 2024 ta janye.

A nan Arewa lissafin daban ne. Giya haramun ce, abin kunya ce, Hisbah ma farfasa kwalabenta take yi a Kano, kuma ba mai neman a buɗe kantin wiwi a bakin kasuwa. Sai dai tsangwamar da ake yi wa mai shan ƙwaya iri ɗaya ce da ta can. Binciken da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Matar auren da ke ɓoye kwalbar kodin a ƙasan akwatin zannuwa ta san cewa ranar da ta ce a taimake ta, ranar aurenta zai fara rawa. Uban da ɗansa ya faɗa wa tiramol ya gwammace ya kai shi gidan mari cikin dare da a gan su a layin asibitin ƙwaƙwalwa, kar a ce masa uban ɗan ƙwaya.

Hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta NDLEA ta ci gaba da farautar dillalai, wannan aikinta ne. Amma wanda ya zo da ƙafarsa neman magani, iyaye da malamai da masu unguwa su rufa masa asiri, su kai shi wurin likita.